Kyanwa Ta Hau Firiza, Yaro Ya Sha Zargi

Na zargi ɗan yayata da sata saboda na gaskata rubutun da ke jikin kwali. Iyakar laifin ke nan in an taƙaita. Abin da ya sa zan warware zancen shi ne, na'urorin da suka kai ni ga wannan abin kunya kullum ƙara shiga gidajenmu suke yi, kuma na lura akasarin masu sayensu ba su san abin da na'urar ke gani da abin da ba ta gani ba, kamar dai yadda nake a wancan lokaci.

Wata shekara da kaka, masu haura katanga suka addabi unguwarmu a Kano. Ba 'yan fashi ba ne masu bindiga. Irin ɓarayin nan ne da za su kwance kan famfo, su sungumi tukunyar gas ko batirin sola, kafin kiran assalatu sun yi layar zana. Da abin ya matso layinmu, sai na kira wani matashi mai sana'ar ɗaura kyamara da wayar katanga, na ce ya sa mini ƙararrawa. Ya zaga gidan, ya ce za a kafa na'urar gano motsi guda biyu, ɗaya a falo, ɗaya a siton da ke cikin kicin, a haɗa su da jiniya a saman baranda.

Yana cikin aune-aunensa ya tambaye ni, "Alhaji, akwai dabba a gidan?"

Na ce, "Magen yara ce kawai, ita ma a tsakar gida take kwana."

"Takan shiga sito?"

"Ta ina? A kulle yake."

Duk da haka ya kawo irin na'urar da aka ƙera don gida mai dabbobi. A jikin kwalinta an rubuta cewa ba ta kula dabbar da ba ta wuce kilo 25 ba. Kyanwarmu ko ta ci ta ƙoshi da ƙyar ta kai kilo 4. Na karanta, na gyaɗa kai, na rufe wannan babi a zuciyata.

A wurare biyu na ƙi jin shawararsa. Ya so ya kafa na'urar siton a kusurwar da ke nesa da kaya, ni kuwa na ce a'a, a sa ta a saman firiza da buhunan shinkafa, tun da nan dukiyar take. Ya kuma ce a saka ɗan maganaɗisun nan da ake mannawa a ƙofa, wanda ke sanar da akwatin ƙararrawa duk lokacin da aka buɗe, musamman a ƙofar bayan kicin. Na duba lissafin kuɗi na ce wannan ƙarin ɓarna ce. Shi ke da sani, ni ke da kuɗi, sai kuɗin ya yi rinjaye. Ya yi yadda na ce, ya karɓi haƙƙinsa, ya tafi.

Aka ɗauki watanni shiru. Sai ga hunturu ya kama, kuma a daidai lokacin ne yayata ta turo mini ɗanta daga gida don ya zauna wurina ya yi karatun share fagen jami'a. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da babba. Aka ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa, uwargida kuma ta miƙa masa makullin ƙofar bayan kicin, don yakan riga kowa tashi ya ɗora ruwan zafi.

Bai daɗe da zuwa ba jiniya ta fara tashi cikin dare. Wanda bai taɓa jin jiniyar gida da ƙarfe biyun dare ba, ba zai gane ba: yara su farka da kuka, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, kai kuma kana laluben silifa cikin duhu. Daren farko duk layin ya fito. Wannan da gora, wancan da tocila, 'yan sintiri suna busa usur, maƙwabcinmu dattijo ya fito da rigar barci da carbi a hannu. Aka bincike gida ciki da bai, ba kowa. Akwatin ƙararrawar dai ya nuna cewa daga sito ne. Na ba mutane haƙuri, aka watse. Bayan 'yan kwanaki ta sake tashi, daga sito. Ta kuma sake, daga sito.

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na zauna ina haɗa lissafi irin na wanda ya riga ya yanke hukunci yana neman hujja. Ƙararrawa ba ta taɓa tashi ba sai da yaron nan ya zo. Shi kaɗai ne a wajen ginin yake da makulli. Ba a fasa ƙofa ba, ba a lanƙwasa ƙarfen taga ba. Ga shi kuma uwargida ta ce busasshen kifin da ta ajiye a kwando yana raguwa. Da ta ce mini, "Malam, anya ba magen nan ba ce?" sai na ɗauko kwalin, don har lokacin ban yar da shi ba, na nuna mata rubutun da yatsa. Na ce Turawan da suka ƙera ta sun ce kilo 25, ke kuma kina ce mini mage.

Washegari bayan sallar asuba na kira shi zaure. Ban ce masa ɓarawo ba, amma abin da na faɗa ya fi haka ciwo, don na lulluɓe shi da nasiha. Na ce gidana ba a yunwa, wanda ke son abu ya tambaya, kuma ni ban saba da ɗauke-ɗauke ba. Sa'an nan na miƙa hannu na ce ya ba ni makullin. Ya zaro shi daga aljihu, ya durƙusa ya ajiye a gabana. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, wallahi ban taɓa shiga da dare ba." Na ce Allah ya sa. Ya tashi ya tafi makaranta ko karin kumallo bai yi ba.

Makullin yana ƙarƙashin matashin kaina jiniya ta sake tashi, daga sito. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce na yi kuskure. Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina shi ne, wataƙila ya yanko wani makullin a kasuwa. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Da na rasa yadda zan yi da idon maƙwabta, sai na kashe ƙararrawar gaba ɗaya, na ce jabu aka sayar mini. Gidan da na kashe kuɗi don in tsare ya koma yana kwana a buɗe, yaro yana kwana da ƙunci, ni kuma ina yawo da laifin mutum biyu a bakina, na yaron da na mai aikin.

Uwargida ce ta matsa aka kira mai aikin. Ya shiga siton bai taɓa na'urar ba. Ya durƙusa ya haska murfin firiza da fitilar wayarsa daga gefe. Ƙurar hunturu ta kwanta a kai, kuma a cikinta ga sawu nan jere, ƙanana, kowanne da ɗigo huɗu a gaba, sun taso daga kan buhun shinkafa sun nufi can ƙarshen firizar ta jikin bango. Ya ɗaga fitilar sama. 'Yar tagar siton, wadda ko kan yaro ba zai shiga ba, ragarta ta yage a kusurwa, ga gashi fari da ruwan toka maƙale a bakin wayar.

Ya ce a kawo magen. Ya sa na'urar a yanayin gwaji, inda 'yar jar fitilarta ke kamawa duk lokacin da ta ga motsi amma jiniya ba ta tashi. Muka koma bakin ƙofa muka tsaya cik. Aka saki kyanwa a ƙasa, ta zaga, ta shinshina buhu, ta goga jiki da ƙafar kanta. Fitila ba ta kama ba. Ƙaramar 'yata ta ɗauke ta ta ɗora a kan firiza ta dawo, aka jira fitilar ta mutu. Kyanwa ta yi miƙa, ta taka zuwa inda ta saba kwanciya. Taku biyu ta yi jar fitila ta kama.

Ya juyo ya ce, "Alhaji, na'urarka lafiyarta ƙalau. Abin da ta gani ta faɗa."

A ranar ne na zauna na koyi abin da ya kamata in tambaya tun kafin in biya kuɗi. Wannan na'ura ba kyamara ba ce, ba ta ɗaukar hoto, ba ta san siffar mutum ba, balle ta auna nauyi. Duk jiki mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira infrared, wanda kuma William Herschel ya gano a Ingila a shekarar 1800. A cikin na'urar akwai 'yan ƙwayoyi biyu masu jin wannan haske, an haɗa su yadda ɗaya ke soke ɗaya. Idan ɗaki ya ɗumama gaba ɗaya a hankali, su biyun sun ji daidai, sai su yi shiru. Farin murfin robar da ke gabanta kuwa ba ado ba ne. In ka duba cikinsa za ka ga an yanka shi gida-gida, irin gilashin da Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya ƙirƙiro wa fitilun hasumiyar bakin teku a shekarun 1820. Aikinsa shi ne ya raba ɗakin zuwa siraran layuka, wasu na sama, wasu na tsakiya, wasu na ƙasa. Idan jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan, zafinsa zai faɗa kan ƙwaya ɗaya kafin ɗayar, sai ma'auni ya karkata, na'ura ta ce an motsa. Shi ya sa ta fi saurin kama wanda ya gifta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye.

To ina maganar kilo 25? Dabara ce ta tsayi da girma. Masu ƙera na'urar sukan rage wa layukan ƙasa ƙarfin ji, ko su tsara ta yadda sai zafi ya cika layin sama da na ƙasa a lokaci guda kafin ta yarda mutum ne. Mutum a tsaye yake tafiya, yana yanka layuka da dama. Dabba a ƙasa take, ƙaramin wuri take cikawa. Lambar kilon ƙiyasi ne kawai na girman jikin da ke fitar da zafi, kuma tana tafe da sharuɗɗa waɗanda ba a rubuta su da manyan baƙaƙe a bayan kwali, sai a cikin 'yar takardar da ke ciki, wadda ni ko buɗe ta ban yi ba. Sharaɗi na farko, a kafa na'urar a tsayin da aka ce, galibi tsakanin mita 2.1 da 2.4 daga ƙasa. Na biyu, dabbar ta tsaya a ƙasa. Na uku, kada a bar abin da za ta iya hawa a kusa da na'urar, wajen mita 2, kuma kada na'urar ta fuskanci matakalar bene. Idan dabba ta hau sama ta matso, ta shiga layukan da aka tanada don ƙirjin mutum, kuma kusancin ya ƙara mata girma. Babban yatsanka in ka kawo shi dab da ido sai ya rufe maka hasumiyar masallaci. Haka kyanwa mai kilo 4 a kan firiza, taku kaɗan daga na'ura, take cika mata ido kamar ƙato a tsakiyar ɗaki. Ga shi jikin kyanwa ya fi na mutum zafi, nata tsakanin digiri 38 da 39, namu 37.

Har dalilin da ya sa abin bai fara ba sai da yaron ya zo, shi ma ya fito fili. Da zafi kyanwa a tsakar gida take miƙewa. Da sanyi ya sauko sai ta nemi ɗumi, jikin firiza kuwa ɗumi gare shi, don ta nan yake fitar da zafin da ya zuƙo daga ciki. Ga ƙamshin kifi a kusa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sa'an nan a daren hunturu bango da buhuna sun yi sanyi, saboda haka jiki mai ɗumi ya fi fitowa sarai a idon na'ura. Sanyi da yaro sun shigo gidana a wata ɗaya, ni kuma na ɗora wa yaron aikin sanyi.

Gyaran bai ci yini ba, kuma bai kai kuɗin da na ji tsoro ba. Aka mayar da na'urar kusurwar da ya so tun farko, inda take kallon hanyar da mutum zai gifta daga ƙofa, firiza da buhuna suka koma nesa da ita. Aka ɗinke ragar taga. Ya buɗe murfin ya rufe ɗan layin nan da ke kallon ƙasa kai tsaye, wanda aka yi don kama mai rarrafe a ƙarƙashinta, domin a gida mai dabba shi ne kan fara kawo matsala. Ya gyara saitinta yadda sai ta ji motsi fiye da sau ɗaya a jere kafin ta kira jiniya. Ya toshe ramin da waya ta shiga, ya ce gizo-gizo ko kyankyaso in ya shige ciki ya bi ta kan ƙwayar, ko tsaka ta bi ta kan murfin, nan ma na'urar takan tayar da gida. Sa'an nan aka saka maganaɗisun ƙofar da na ƙi saye. A nan ne na ji kunya ta biyu, don da yana nan tun farko, akwatin zai nuna mini ƙarara cewa ba a taɓa buɗe ƙofar kicin ba a duk dararen nan. Kuɗin da na yi wa rowa shi ne kuɗin shaidar da za ta wanke ɗan yayata.

Ya kuma koya mini abin da masu sana'ar ke kira yanayin dare: idan mutanen gida suna ciki, a kunna na ƙofofi da tagogi kawai, a bar na cikin ɗakuna su huta, sai in za a yi tafiya a kunna duka. Wanda dabbarsa ke yawo a falo da dare, wannan ya fi masa komai sauƙi. Inda kuma akwai zafi mai sauyawa, kamar kicin ko ɗakin janareta, akwai na'ura mai ido biyu, wadda ta haɗa jin zafi da wata igiyar rediyo da take aikawa ta dawo mata. Sai dukansu sun yarda an motsa kafin ta yi ƙara. Ta fi tsada, kuma igiyar rediyon tana iya ratsa siririn bango ko gilashi, saboda haka ita ma sai an daidaita nisanta. Na'urar zafi zalla kuwa ba ta gani ta cikin gilashi, amma ba a so ta fuskanci tagar da rana ke bugawa, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki, ko labulen da fanka ke kaɗawa bayan rana ta gasa shi.

Wani abu da ya faɗa ya zauna mini. Duk na'urar da aka hana ta ganin dabba, an makantar da ita ne da gangan a wani sashe. Akwai masu ɗauke kai daga dabba har mai kilo 45, amma wanda kyanwa kawai gare shi bai kamata ya sayi wannan ba, don gwargwadon girman abin da ka ce ta ƙyale, gwargwadon faɗin hanyar da ka bar wa mai rarrafe. Haka nan wanda ya gaji da ƙara ya murɗe ƙarfin jinta har ƙasa, ya sayi barci ne da tsaron gidansa.

Gidajenmu kuma ba irin gidajen da aka zana waɗannan na'urori dominsu ba ne. Su can kare ɗaya ne ko kyanwa ɗaya a cikin falo. Mu tsakar gidanmu akwai kaji, akwai tantabaru, akwai akuyar uwargida, ga magen maƙwabta da ke bin kan katanga, ga jemage da dare, ga ragon layya da zai zo ya yi mako biyu yana jan igiya, wanda nauyinsa ya wuce duk lambar da ke jikin kwali. Dabbobi biyu ko uku in suka taru wuri guda, zafinsu haɗuwa yake ya zama na babban jiki. Don haka na'urar motsi ta tsakar gida, gara a haɗa ta da fitila kawai, kada a haɗa ta da jiniya. In akuya ta kunna fitila ba wanda ya rasa barci. Ga yanayi kuma: a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, bango ya ɗau zafi har ya yi kusa da na fatar mutum, sai na'ura ta rage gani, masu kyau daga ciki kuma su ƙara wa kansu ƙarfin ji don cike giɓin. Saitin da ya yi daidai da sanyi ba lalle ya yi daidai da bazara ba. Tun daga lokacin, in yanayi ya juya nakan sa ta a gwaji, in gifta da kaina, in kuma bar kyanwar ta yi yawonta ina kallon fitila.

Ita kyanwar, ba zan ɓoye ba, a cikin fushin ranar na ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari, ko a riƙa kulle ta a kwali da dare. Uwargida ta tuna mini da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ta ce kuma tun da magen nan ta zo ba mu ƙara ganin kashin ɓera a sito ba. Na yi shiru. Na riga na zalunci mai baki, ga shi ina shirin zaluntar marar baki, duk don kada in ce ni ne. Aka shimfiɗa mata tsohon bargo a lungun baranda inda iska ba ta bugawa, ta daina neman firiza.

Da na je sanar da maƙwabcinmu dattijo cewa an gyara ƙararrawa, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Alhaji, tun da ka kawo maganar, bari in gaya maka gaskiya. Na ƙarshen nan da ta yi, ina jin ta, na gyara kwanciya. Na ce gidan Alhaji ne." Bai faɗa da faɗa ba, amma na gane abin da na ɓarar. Jiniya ba ta kama ɓarawo. Mutanen da take tasa su ne tsaron, kuma kowace ƙarar banza tana cin wani abu daga shirinsu na fitowa. Wannan ba halin unguwarmu kaɗai ba ne. A Amurka bincike ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na kiran da ƙararrawar gidaje ke jawo wa 'yan sanda na banza ne, har birnin Salt Lake City ya kafa doka a shekarar 2000 cewa 'yan sanda ba za su fita ba sai wani ya tabbatar da idonsa akwai matsala. A Ingila, gidan da ƙararrawarsa ta yi kiran ƙarya sau uku cikin wata 12, 'yan sanda sukan janye amsa masa har sai ya gyara. Mu ba mu da irin wannan doka a rubuce, amma maƙwabci yana da tasa a zuciya, kuma ba ya aiko maka da takardar gargaɗi. A watannin da ƙararrawata ta yi a kashe ba a sace mini ko tsinke ba. Wannan tsarewar Allah ce, ba dabarata ba.

Saura mai wuyar. Na'ura an gyara ta da sukurdireba, yaro fa? A daren na kira shi zauren da na karɓi makullin, na sa uwargida ta zauna, don a gabanta zargin ya yi yawo. Na gaya masa abin da aka gano, na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu, ai kai uba ne." Wannan amsa ta fi zagi nauyi, don na san tarbiyya ce ta faɗe ta. Na miƙa masa makullin ya ce a bar shi a ciki, zai riƙa jira a buɗe. Har ya gama karatunsa ya bar gidan bai sake riƙe shi ba, kuma bai sake shiga kicin ba sai da wani a ciki. Na kira yayata na faɗa mata da bakina kafin ta ji a wani wuri. Ashe bai taɓa gaya mata ba. Ta yi shiru a waya, sa'an nan ta ce, "Allah ya kiyaye gaba." Mun ci gaba da zumunci, amma ƙanensa da aka yi niyyar turo mini, gidan wani ɗan'uwan aka kai shi.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda ya zama ƙarya. Abin da na'urar ta shaida guda ɗaya ne tal: wani abu mai ɗumi ya gifta a sito. Ba ta ce mutum ba ne, ba ta ce da makulli ya shiga ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Duk sauran ni na ƙara, na kuma jingina shi da na'ura don ya yi kama da hujja. Yanzu da kyamarori da ƙararrawa da saƙon waya suka cika gidaje, irin wannan zai yawaita, kuma waɗanda zargin zai riƙa faɗa wa an san su: mai gadi, 'yar aiki, almajirin gida, ɗan riƙo, duk wanda ba shi da bakin musu.

Saboda haka wanda zai sa ƙararrawa, kafin mai aiki ya huda bango, ya zauna da matarsa da yaransa su lissafa duk mai rai da ke kwana ko yawo a gidan, da inda kowanne ke hawa da inda yake neman ɗumi, don su suka fi maigida sanin wannan. Ya karanta 'yar takardar cikin kwali. Ya bar mai sana'a ya kafa na'ura inda iliminsa ya nuna masa. In ta yi ƙarar banza sau ɗaya, a nemo dalili a washegarin, kada a jira ta biyu. In kuwa zuciya ta fara nuna masa wani mutum, ya tambayi kansa abin da na'urar ta gani takamaimai, ya tsaya a nan, ya ɗauki fitila ya je ya duba ƙura tukuna.